Darasi na Takwas: Tsarabar Yara

Duk wanda ya ci kasuwar Jega ko ta Yawuri ya san yara na jiransa a ƙofar gida. "Baba oyoyo!" Sai a miƙa musu alewa ko rake. Ba laifi, amma kafin magariba an shanye. Yau za mu duba tsarabar da za ta daɗe a hannun yaro, ta koya masa tsayawa da ƙafarsa.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Sukan ba yaro kaza, su ce taka ce. Shi zai watsa mata tsaba, ya zuba mata ruwa a kasko, ya rufe akurki da dare saboda muzuru. Kaza takan yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. In 'yan tsaki sun girma a sayar, a haɗa da abin da ya tara a asusu, a saya masa 'yar akuya. Roƙona ɗaya ga iyaye: kada a yanka kazar yaro don baƙo sai an nemi yardarsa. Yaron da aka yi wa haka, zuciyarsa takan fita daga kiwo.

Mu mutanen Kebbi muna zaune da ruwa. Kowa na tuna ambaliyar 2020, da ta cinye gonakin shinkafa ta rusa gidaje. Ruwa kuma ba ya sallama, sau da yawa cikin dare yake shigowa. To, a saya wa yaro ƙaramar tocila mai cajin rana da usur. A ɗaure su da igiya ɗaya, a rataye a ƙusa kusa da shimfiɗarsa, inda hannunsa zai kai ko a duhu. Shanya tocilar a rana kowace safiya aikinsa ne. Ƙarar usur ta fi muryar yaro nisa. A koya masa: busa uku na nufin "ku zo". Ba abin wasa ba ne.

Masu shiga kwalekwale kuwa, hatsarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 bai bar zukatanmu ba. Rigar kariya daga nutsewa, daidai jikin yaro, ta cancanci a tara mata kuɗi kamar na kayan sallah.

'Yar shekara goma za ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari in ƙaninta na zawo. A ba ta nata ƙaramin cokalin shayi. Ruwa lita ɗaya ake buƙata, wato ledar fiya wata guda biyu. A zuba sukari cokali 6 a shafe, da gishiri rabin cokali. Ta gwada a gaban uwarta har hannunta ya faɗa.

Aikin gida: Samo kwali. Rubuta sunan ɗanka, da sunan garinku, da lambar wayarka, da 112, lambar neman agajin gaggawa. Sa shi a leda, ka ɗaure a igiyar tocila. Ku karanta lambobin tare har ya haddace.