Babi na Shida: Canja man giyar mota a gida

Toh jama'a, a babin da ya wuce mun canja baƙin mai, wato man inji, kuma da yawanku kun yi ƙoƙari, har Baba da ke zama kusa da taga wanda ya rantse shi ba zai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba ya kwanta ya kuma tashi lafiya. Yau man giya za mu yi. Kar wanda ya tsorata, bai fi na inji wahala ba, wuri ɗaya ne kawai ake faɗuwa kuma zan yi ta maimaita shi har sai kun gaji da ni.

Darasi na 1: Wane mai ne naka

Man giya daban, man inji daban, man birki daban. Na san wani zai ce ai Malam wannan kowa ya sani, a'a ba kowa ba, na taɓa ganin wanda ya ɗura baƙin mai a giya saboda wai duk mai ne.

Motar da za mu yi misali da ita atomatik ce, irin wadda ba ta da kuloci, feda biyu ne kawai a ƙasa, birki da totur. Dubi gefen sandar giya, akwai baƙaƙe a jere: P, R, N, D. Sa yatsa ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. P tsayawa ce, R baya, N firi, D gaba. Sake karantawa. Za mu buƙace su a ƙarshe.

A jikin galan ɗin man atomatik za ka ga baƙaƙe uku manya, A, T, F. Rubuta su a littafinka yanzu, ATF. Amma ATF ɗin ma kala-kala ne, kowace mota da nata. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 wadda ta cika titunanmu tana shan wanda aka rubuta T-IV a jikinsa, Toyota na baya-bayan nan da yawa WS suke sha. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 nata Z1 ne, daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1, to shi za ka nema. Idan giyar motarka CVT ce, wato wata irin atomatik da ba ta da matakan canjin giya, kamar Nissan da yawa, nata man daban ne gaba ɗaya, kar ka kusanto ta da ATF na yau da kullum. Yaya za ka san naka? Zaro gejin giya, wato dogon ƙarfen nan siriri da ake duba mai da shi, ka goge ka duba jikinsa, Toyota sukan rubuta sunan man a nan. In babu, littafin motar. In babu littafin, kamar yadda akasarin motocin Kwatano ke zuwa ba shi, a duba a intanet da sunan motar da shekararta, ɗanka zai taya ka.

Kwafi sunan a takarda ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko shagon unguwarku. Ka ɗora takardar a jikin galan ka gwada baƙi da baƙi. Mai shago zai iya cewa "Alhaji duk ɗaya ne, wannan ma yana yi", ka ce masa na gode, na takarda nake so. Ka duba marfin ma, in an taɓa ɓalle shi ka ajiye. Sayi lita 4.

Darasi na 2: Kayan aiki

Jak, da ƙafafun ƙarfe biyu da ake tokare mota da su, sifana, baho mai faɗi wanda babu komai a ciki, mazurari mai dogon baki, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, sabon washa na notin zubar da man giya, da gorunan ruwa na roba guda uku masu lita ɗaya da rabi, busassu. Gorunan nan su ne rabin darasin yau, kar a manta su a gida.

Mota ta tsaya a daidaitaccen wuri, ba gangare ba, ba kan yashi ba. Giya a P, a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan tayoyin baya. Idan ka ɗaga da jak sai ka tokare. Ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kuma bulo ba abin tokara ba ne, bulon siminti yana fashewa ba sallama. Wanda ke da rami a kusa, irin na masu wankin mota, ya fi masa sauƙi.

Kafin a fara a ɗan zaga da motar kamar minti goma don man ya yi ɗumi ya saki jiki, sai a kashe a bar ta ta ɗan huce. Mai zafi yana ƙona hannu sosai.

Darasi na 3: Zubar da tsohon mai, da AUNAWA

A ƙasan mota noti biyu ne ke kama da juna, na man inji da na man giya. A Corolla da Accord ɗin da na ambata giya tana ɓangaren direba, hannun hagu. Na Honda ma yana da sauƙin ganewa, rami ne mai kusurwa huɗu a kansa, bakin racet, wato hannun da ake ɗora soket a kansa a juya noti, kake zurawa kai tsaye. In kana shakka sassauta kaɗan ka tari ɗigo ɗaya a yatsa. Man giya ja ne kamar zoɓo in sabo ne, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, kuma bai kai baƙin mai kauri ba. In ka ga baƙi ƙirin mai kauri to na inji ka taɓa, mayar ka ɗaure.

Sa baho. Kwance noti, hannun hagu ake juyawa. Bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo.

Yanzu ku ajiye komai ku saurare ni. Man da ya fito ba a zubar da shi sai an auna. Abin da ya fita, shi za a mayar, daidai wa daida. Ku faɗa tare da ni: abin da ya fita shi za a mayar.

Dalili kuwa, man da ke cikin giyar gaba ɗaya ya haura lita 6, amma in ka kwance noti kusan lita 3 ne kawai ke fitowa, sauran yana maƙale can ciki inda noti ba ya kaiwa. To wanda ya ji an ce giya na cin lita 6 ya je ya ɗura 6, ko wanda ya ga galan lita 4 ne ya ce bari in juye duka kar ya yi saura, ya cika ta fiye da kima. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, giya ta yi zafi, ta fara fizga, ya riƙa tsattsafowa ta ko ina. In ya yi kaɗan kuma giya ta riƙa suɓucewa, ka taka totur inji na ihu mota ba ta tafiya, kayan ciki su ƙone. Duka biyun kuɗi ne masu yawa a gareji.

Ga yadda ake aunawa. Ɗauki gora ta farko, sa mazurari, juye tsohon man daga baho har ta cika. Lita ɗaya da rabi kenan. Rubuta 1.5 a littafi. Ɗigon nan da ke tsakanin 1 da 5 ba datti ba ne, shi ke nuna rabi. Cika ta biyu, sake rubuta 1.5 a ƙarƙashin na farko. Ɗaya da rabi da ɗaya da rabi nawa kenan? Uku. Madalla. In akwai saura a baho zuba a gora ta uku, ka ja layi da biro a inda ya tsaya.

Wanda lissafin ya rikita shi kar ya damu, babu kunya a ciki, ga hanya mai sauƙi. Jera gorunan tsohon mai a ƙasa. Samo wasu gorunan masu tsabta irinsu sak, busassu ƙarau ba ɗigon ruwa, ka jera a gefensu, ka zuba sabon mai har tsayinsa ya zo daidai da na tsoho. Biyu cike a nan, biyu cike a can. Ido ma ya isa.

Sake faɗa: me ake yi kafin a zubar da tsohon mai? Aunawa. Nawa ake mayarwa? Abin da ya fita.

Ina nanata wannan ne don a ajin bara na faɗa sau ba adadi, na rubuta a allo da manyan baƙaƙe, amma wani bawan Allah ya koma gida ya kwance noti a bakin kwata, man ya bi ruwa ya tafi, sannan ya kira ni a waya wai Malam lita nawa zan sa. Ina zan sani? Ni na ga abin da ya fita? Haba jama'a. Mutum da gemunsa da iyalinsa a ce abu ɗaya a yi ta faɗa kamar karatun allo. Ba faɗa nake ba, amma dan Allah a riƙa ji. Gora uku ce fa, ko almajiri ka aika zai tsinto maka.

Kafin ka rufe, kalli man da kyau ka shinshina. In yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe manya, ko ya yi fari-fari kamar shayi da madara, tsaya nan. Na ƙarshen nan alama ce ruwa ya shiga, galibi daga lagireto, kuma sabon mai ba zai gyara wannan ba, aikin makaniki ne. Baƙin laushi kaɗan a kan notin Honda ba komai ba ne, maganaɗisu ne a jikinsa yake kama shi, goge kawai.

Darasi na 4: Zuba sabo

Sa sabon washa, mayar da noti da hannu tukuna har ya zauna, sannan sifana. A ɗaure ya kama, ba a hau da ƙafa ba. Sauke motar ƙasa.

Zaro geji, sa mazurari a bututun da ya fito, zuba a hankali don bututun siriri ne yana tumbatsa. In lokacin hunturu ne ana ƙura a shiga inuwa a rufe, ƙasa ba ta shiri da giya. Nawa za ka zuba? Duba littafinka. Abin da ya fita.

Tada mota, ƙafa a kan birki, bi baƙaƙen nan da muka karanta, P, R, N, D, kana ɗan tsayawa a kowanne, ka dawo P. Ɗan zaga da ita ta yi zafi. Sai geji: zaro, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa, sannan ka karanta. Na farko ba a karanta shi. A Toyota inji na aiki ake dubawa, man ya tsaya tsakanin alamomi biyu na wajen da aka rubuta HOT, ma'ana da zafi. A Honda kuwa kashe inji ake yi a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kar a rikita hanyoyin biyu. In ka auna daidai tun farko za ka tarar yana wurin, in ya ɗan gaza ƙara kaɗan-kaɗan.

Leƙa ƙasa ko noti na ɗiga.

Darasi na 5: Mai giyar hannu

Manuwal yawanci ba ta da geji, noti biyu ne, na zubawa a gefe, na zubarwa a ƙasa. Fara kwance na gefe, don in ya ƙi kwantuwa bayan ka zubar ka shiga uku. Ana zubawa har ya fara dawowa ta ramin. Irin man, duba littafin motar. Nan ma a auna.

Darasi na 6: Sauran bayani

Motocin da ba su da gejin giya sam, sababbi da yawa haka suke, a kai gareji.

Rubuta lambar nisan tafiya da ke agogon mota da kwanan wata. Motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Tsohon mai a toshe gorunan a kai wa makaniki, ban da kwata, ban da kusa da rijiya, kuma a ɗauke daga inda yara suke don a gorar ruwa yake.

Aikin gida: rubuta ATF sau biyar, da sunan man motarka. A zo da gora uku ranar Asabar.