Kafin ku kai waƙarku zaman gyara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga shawara ga masu niyyar zuwa zaman gyaran waƙa da baƙon sha'iri zai jagoranta a nan Maraɗi, don na taɓa zama irinsa.

Ku rera waƙar da baki tun a gida, ku ɗauki muryarku a waya, ku saurara. Dalili kuwa, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ne a takarda, amma gaɓar farko ta ɗaya gajera ce, ta ɗayan doguwa. Karin waƙa kuma a kan nauyin gaɓa yake tafiya. Ni kaina na kai wata 'yar ƙwar biyar, wato waƙa mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, ina ganin ta zauna daram. Malam ya ce in rera, yana buga yatsa a kan tebur. A ɗango na uku yatsan ya tsaya cak, ashe gaɓa guda ta yi yawa. Wata biyu ina karanta ta da ido ban gani ba.

Baiti uku ko huɗu sun isa, kada ku kwaso kaye (littafin rubutu) guda. Ku rubuta da tazara tsakanin ɗangwaye don wurin gyara, ku zo da kwafi biyu, ɗaya na malam.

Wanda ya iya ajami ya rubuta da shi ma, don shi yana nuna dogon wasali.

In aka ce kalmar amsa-amo (sautin da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango ko baiti) cusa ta aka yi, ku daure ku rubuta abin da aka faɗa, ku bar gardama sai kun kwana a kai.