Yadda ake gyara bangon bayan jirgin fiba da ya tsage

Jiragen fiba da ke aiki a gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo, idan sun kwana biyu, wurin da ke fara gazawa shi ne bangon baya inda ake ɗaura inji. Bangon nan katako ne, galibi filawud, aka lulluɓe shi da fiba, wato ƙyallen zaren gilashi da aka daskarar da gam, ciki da waje. Ruwa yana bin hujin ƙusoshin inji ya shiga, katakon ya jiƙe ya ruɓe, nauyin inji da turinsa su koma kan fatar fiba ita kaɗai, sai ta tsage. Shi ya sa shafa rezin, wato ruwan gam ɗin da ke daskarar da fiba, a kan tsagar ba gyara ba ne. Ciwon yana ciki, kuma jirgin da ke ɗaukar mutane zuwa kasuwa bai kamata a yi masa kwaskwarima ba.

Da farko a fitar da jirgin tudu, a gwada bangon tun inji na ɗaure. A ɗaga ƙafar injin, a danna ta da ƙarfi. Idan bangon ya lanƙwasa ko tsagar ta buɗe baki, katako ya mutu. Sai a sauke inji, a bi bangon da ƙaramar guduma. Wuri mai lafiya yana amsawa ƙwas-ƙwas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. A huda ƙananan ramuka daga ciki: garin katako fari busasshe alamar lafiya ne, baƙi mai danshi kuwa sai canji.

Daga ciki ake buɗewa, a bar fatar waje don siffar jirgi ta tsaya yadda take. A yanka fatar ciki da giranda, a bar kamar santimita 8 a gefe-gefe, a sa cizal a ƙwaƙule tsohon katakon kaf. A gurje wurin har fiba mai tsabta ta bayyana, a goge da asiton, wato sinadarin wanke maiƙo, a bar shi ya bushe sarai. Nan zafin Sakkwato yana taimako, don haka rani ne lokacin wannan aiki. Kada a gurza fiba babu takunkumi da tabarau da riga mai dogon hannu, ƙurarta tana ƙaiƙayi kuma tana cutar huhu.

A fitar da zanen bangon a kwali, a yanka filawud na jirgin ruwa, wanda gam ɗinsa ba ya sakewa a ruwa. Na kabad ba zai yi ba, ko da ya fi araha. Biyu masu kaurin milimita 18 idan aka haɗa suna kusa da kaurin bangon yawancin ƙananan jirage, amma a auna tsohon, a kuma kiyaye tsayinsa, don inji mai gajerar ƙafa yana son inci 15, mai doguwa inci 20. A shayar da katakon rezin ta ko'ina, musamman bakin yanka, inda ya fi shan ruwa.

Rezin da aka fi amfani da shi iri biyu ne. Ifoksi ya fi kama tsohuwar fiba da katako, ya fi tsada. Foliyesta ta fi samuwa, tana kuma yi idan an gurje wurin sosai. Ifoksi yana zama a kan foliyesta, amma foliyesta ba ta kama ifoksi da kyau, saboda haka a zaɓi ɗaya tun farko. Foliyesta tana son maganin daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, a tsaya a kashi 1, a dama kaɗan-kaɗan, a yi aikin bayan asuba a inuwa. Idan aka dama da yawa, yakan ɗau zafi a kwano ya daskare kafin buroshi ya kai rabi. Maganin daskarwar nan yana makantarwa idan ya shiga ido.

A dama rezin mai kauri, a shafa a fatar waje da katakon, a manna, a matse da abin matsewa na kafintoci ko ƙusoshin wucin gadi har ya tsattsafo ta gefe. A cike kusurwoyi su yi kwana mai laushi, domin ƙyallen fiba ba ya kwanciya a kusurwa mai kaifi. Sannan a shimfiɗa ƙyallen hawa huɗu ko biyar, yana zarcewa kan ƙasan jirgi da haƙarƙarinsa kamar santimita 15. A bi kowane hawa da rola. Duk inda ya yi fari, iska ce ko ƙarancin rezin.

Tsagar waje a gurje ta da gangare, faɗin kowane gefe ya ninka kaurin fatar sau 12, a cike da ƙyalle da rezin, a goge da samfefa, a yi fenti.

Hujin ƙusoshi shi ne inda matsalar ta faro. A huda shi ya fi ƙusar faɗi, a cike da rezin mai kauri, idan ya daskare a sake hudawa daidai ƙusar, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. A sa farantin alminiyam mai kauri daga ciki don ya raba nauyi. Bayan kwana uku zuwa mako a ɗaura inji, a sake danna ƙafarsa, sannan a gwada jirgin kusa da gaɓa babu fasinja, kowa da rigar kariya.