Yadda za ka kare ƙarƙashin motar ɗaukar kaya daga tsatsa da hannunka

Tsatsa tana buƙatar abu uku kafin ta kama: ƙarfe tsirara, danshi da iska. Gishiri kuwa hanzarta aikin yake yi. Shi ya sa motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Kanada da arewacin Amurka sukan iso da shasi, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kansa, a cinye, don can gishiri ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara. Abin ya taɓa kaiwa har a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun kusan dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. A nan gida ba mu da ƙanƙara, amma muna da namu maciya ƙarfen: taɓon damina da ke maƙalewa a lunguna, takin zamani da ke zuba daga buhu, fitsarin shanu a motar da ke jigilar dabbobi, da iskar teku ga mai yawan zuwa Legas ko Kwatano.

A yi aikin da rani, bayan ƙurar hunturu ta lafa, kafin ruwan farko. Ka ware 'yan kwanaki, saboda yawancin lokacin a jiran bushewa zai tafi.

Kafin ka shiga ƙarƙashi, ka samu rami irin na wurin juye ko wankin mota. In babu, ka ɗaga motar a kan daɓen siminti, ka ɗora ta bisa ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar nauyinta, ka sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Kada ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka dogara da bulo, yana fashewa ba sanarwa. Tabarau dole ne, don ɓarɓashin tsatsa ido yake nema. Haka takunkumi da safar hannu. Ka cire kan batir na nagetif, ka cire sifiya da duk wata roba da ke rufe mazaunin taya.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma nan yawancin mutane ke yin ha'inci wa kansu. Da injin wanki mai ƙarfi da omo za ka bi ko'ina: saman tanki, bayan madgad, tsakanin ganyen sifirin, mahaɗar shasi da sandunan da ke gicciye. Inda giris da baƙin mai suka daskare, goga kananzir da burushi sannan ka sake wankewa da omo, domin fenti ba ya kama maiƙo. Shasin Hilux da 'yan uwanta kamar akwati yake, cikinsa rami ne. Zura tiyo ta ramukan gefe ka bar ruwa ya yi ta gudu har sai ya daina fitowa ja. Ƙananan ramukan da ke ƙasan shasi da ƙasan ƙofofi na tsiyayar ruwa ne; ka tsokane su da waya, za ka sha mamakin yashin da zai zubo. Mazaunin batir kuma a wanke shi da ruwan bekin soda, cokali biyu a lita ɗaya, a ɗauraye sosai, saboda ruwan batir asid ne.

Daga nan sai haƙuri. Bar motar a rana kwana ɗaya cur, biyu in da hali, ka hura lungunan da iskar kwamfireso. Duk danshin da ka rufe da fenti, ka ba shi ɗaki ne ya zauna.

Yanzu ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa rau, ruɓaɓɓe kuma dum, wani lokaci har ya zubo da ɓawo. Inda ka yi shakka, danna sukundireba. In ta huda, maganar fenti ta ƙare a wurin, sai mai walda. Ka fi mai da hankali ga inda sifirin ke rataye, mazaunin shokozoba, inda kan mota ke zaune bisa shasi, da maɗaurin tanki. Bututun man birki in ya yi ƙuraje ko ya kumbura, canja shi za a yi, shafa masa fenti ɓoye haɗari ne. Ga masu manyan motoci irin su DAF da MAN, akwai gargaɗi na daban: masu ƙera su sun hana walda ko huda leɓen sama da na ƙasa na shasi barkatai, don nan ne nauyi ya fi taruwa, kuma daga nan tsagewa ke farawa.

Sauran tsatsar da ke sama-sama a kankare ta. Burushin waya a bakin giranda ga fili, burushin hannu da samfefa mai lamba 80 ga lungu. Ba sai ƙarfen ya yi ƙyalli ko'ina ba, abin da ake so duk wani ɓawo da tsohon fentin da ya saki su faɗo. Kusa da tanki da bututun mai, ajiye giranda ka yi da hannu saboda tartsatsi.

Jan da ya rage a cikin ƙananan ramuka shi ake shafa wa ruwan kashe tsatsa da ake samu a shagunan fenti. Asid ne na fosfet ko na tanin, yana mai da jar tsatsa baƙa mai tauri wadda fenti zai iya hawa. Shafi siriri ake yi da burushi, a bar shi kamar awa 24, a kuma karanta jikin gwangwanin, domin wasu ana ɗauraye su, wasu ba a yi. A kan ɓawo mai kauri ba ya aiki, samansa kawai yake baƙantawa, ciki na nan da rai.

Sai fentin fari, wato firaima: jan nan da masu ƙera ƙofa ke shafawa zai yi, amma mai sinadarin zinki ko ifoksi mai haɗi biyu ya fi shi nesa ba kusa ba. Ga akori-kura lita 1 zuwa 2 ta isa. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai bushe a sama ya zauna ɗanye a ciki. Bayan ya bushe a bi da baƙin fentin shasi, shi ma sau biyu. A inuwa ake yi, da safe. Ƙarfen da rana ta gasa yana busar da fenti kafin ya kama.

Baƙin feshin nan mai kama da kwalta yana da amfani a mazaunin taya da ƙasan bodi, inda tsakuwa ke duka, amma a kan ƙarfe mai tsabta da ya sha firaima kaɗai. Fesa shi kan tsatsa shi ne kuskure mafi muni a wannan aiki. Da ya tsufa sai ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, waje baƙi sumul, ciki kuwa gari. In ka ga motar gwanjo da sabon baƙin feshi a ƙarƙashi, guduma ce za ta gaya maka gaskiya.

Cikin shasi burushi ba ya isa, kuma daga can ne tsatsa ta fi cin akori-kura. Abin da ake sawa kakin da ba ya daskarewa ne, ko mai irin na ulun tumaki, kamar Waxoyl, Dinitrol ko Fluid Film. Suna ratsa tsatsa, su kori danshi, su kutsa tsakanin ƙarafan da ke haɗe. Lita 3 zuwa 4 ta wadaci ƙaramar mota ciki da waje. Ana amfani da bindigar feshi mai dogon tiyo wanda bakinsa ke watsawa ko'ina. Ka zura shi har ƙarshe, ka danna, kana janyowa a hankali, har man ya fara ɗiga ta ramukan ƙasa. In ya yi kauri, ajiye gwangwanin a rana na ɗan lokaci. Da ka gama, sake tsokane ramukan tsiyaya kada kakin ya toshe su.

Akwai wuraren da ba a taɓawa sam: faifai da gangar birki, tayoyi, bel, salansa da na'urorin da ke jikinta, da farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, wadda kaurin feshi a gefe ɗaya kan sa ta rawa. Naɗe su da leda ko takarda da salatif kafin ka fara, ka kuma tuna ka cire ledar salansa kafin ka tada mota.

Baƙin man juye da wasu ke fesawa fa? Ya fi babu, ba a musu. Sai dai yana kumbura robar bushin da tiyo, ruwan sama biyu uku ke wanke shi, yana ɗiga a tsakar gida, kuma da hunturu ƙura takan manne masa ta zama laka. In aljihu bai kai ga kaki ba, gara sabon man giya mai kauri a cikin shasi kaɗai, nesa da roba da birki.

Fenti kan yi shekaru, amma kakin waje a duba shi duk shekara kafin damina, a ƙara inda ruwan taya ya wanke. Motar da ta ɗauko taki, gishiri ko dabbobi a wanke bodinta da ƙarƙashinta a ranar, da ruwa zalla, ba tare da matsa bakin injin wanki kusa da kakin ba. In daɓen bodin katako ne, ɗaga allo ɗaya ko biyu ka duba sandunan da ke ƙasa, domin katako yana riƙe danshi daidai inda ido ba ya kaiwa.