Darasi na Tara: Na'urar da ke Kai Labarin Sukarin Jini Cikin Waya

Kalmomin darasi: sukari, na'ura, damtse, kibiya, ƙararrawa, manhaja, mabiyi. Malami ya rubuta su a allo, a karanta tare sau uku, sannan kowa ya kwafa a littafinsa.

Karatu

Wata dattijuwa ce a Gusau, shekararta tara da ciwon sukari, har ta kai ana yi mata allurar insulin safe da yamma. Babban ɗanta yana sana'ar gwari a Legas. Wani dare, wajen ƙarfe uku, wayarsa ta ɗauki ƙara. Ya duba, sai ya ga lamba 62, ga kibiya a gefenta ta kalli ƙasa. Ya kira mahaifiyarsa har sau biyu, ba ta ɗauka ba. Nan da nan ya kira matar ƙanensa, wadda ɗakinta ke jikin na tsohuwar.

"Amarya, yi haƙuri na tashe ki. Maza shiga wurin Inna, sukarinta ya faɗi."

"To Yaya, ga ni nan."

Ta tarar da Inna sharkaf da gumi, hannu yana rawa, magana na fita da ƙyar. Ta tayar da ita zaune, ta jiƙa ƙwayar sukari huɗu a rabin kofin ruwa, ta ba ta. Bayan minti 15 lambar ta koma 84. Aka ba ta burodi ta ɗan ci. Sai a lokacin ta karɓi waya.

"Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Kai ba ka barci ne?"

"Me kika ci da daddare?"

"Koko na ɗan kurɓa. Tuwon ne ban ji daɗinsa ba."

An gano dalili ke nan. Ta yi allura cikakkiya kamar kullum, abinci kuwa ba ta ci na kirki ba.

Ku lura da abu guda a labarin nan. Na Legas shi ya ga lamba, amma hannun da ya jiƙa sukari yana ɗaki na gaba. Da babu amarya a gidan, da sai dai ya zauna yana kallon lamba tana sauka, tsakaninsa da uwarsa tafiyar yini guda cur a mota.

Yadda abin yake aiki

Na'urar 'yar ƙarama ce, faɗinta kamar kwabo. Ana manna ta a bayan damtse, wasu irin kuma a ciki. Tana da ɗan zare siriri mai laushi da ke shiga ƙarƙashin fata. Allurar da ke kai zaren ciki fita take yi nan take, ba ta zama a jiki. Likitoci na kiranta CGM, wato na'urar da ke auna sukari dare da rana ba tsayawa. Waɗanda aka fi sani su ne FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott da kuma Dexcom. Yawancin Libre na yin kwana 14 a jiki, Dexcom G6 da G7 kuwa kwana 10, daga nan a cire a sa sabuwa. Libre tana auna sukari kowane minti ɗaya, Dexcom kowane minti biyar. Idan an manna sabuwa ba ta fara nuna lamba nan take. Libre sai ta yi awa ɗaya, G6 awa biyu, G7 rabin awa.

Ana wanka da ita. Alwala ma ba ta shafe ta ba, tunda iyakar wanke hannu gwiwar hannu ce, ita kuwa tana can sama. Batun wankan tsarki, a tambayi malami.

Labarin yana bin zango uku. Daga damtse zuwa wayar mai ciwon ta hanyar Bluetooth, shi ya sa dole wayar ta kasance kusa da shi, kada ta wuce mita 6 zuwa 10. Daga wayarsa ya hau intanet. Daga intanet ya sauka a wayar wanda aka ba izini, wato mabiyi. Manhajar mabiyi a Libre sunanta LibreLinkUp, tana ɗaukar mutum har 20. Ta Dexcom sunanta Dexcom Follow, tana ɗaukar mutum 10. Mai ciwon ne ke aika gayyata ta imel daga tasa manhajar, mabiyi ya amsa. Duk ranar da ya ga dama yana iya cire mutum.

Iyaye ne suka fara matsa lamba a kan wannan. A shekarar 2013 wani uba a Amurka, John Costik, ya haɗa dabarar da za ta nuna masa sukarin ƙaramin ɗansa yana wurin aiki, yaron yana makaranta. Wasu iyayen suka shigo, suka gina tsarin kyauta mai suna Nightscout. Bayan haka ne kamfanoni suka fito da nasu manhajojin.

Lambobin da za a haddace

Ƙasa da 70, sukari ya faɗi. Ƙasa da 54, haɗari ne babba. Daga 70 zuwa 180 shi ne inda ake son yawancin manya su wuni su kwana. Sama da 250 ya yi yawa ƙwarai. Mai juna biyu da tsoho tukuf suna da nasu ma'aunin, likita ne zai faɗa.

Wani abu yakan rikita mutane. Ma'auni iri biyu ne a asibitocin Najeriya. Wani yana rubuta mg/dL, shi ne mai manyan lambobi kamar 70 da 180. Wani yana rubuta mmol/L, mai ƙananan lambobi. Idan ka raba babbar lamba da 18 za ka sami ƙaramar: 70 ta zama 3.9, 180 ta zama 10, 54 ta zama 3. A Nijar kuma ana yawan rubuta g/L, inda 70 take zama 0,70. Kafin komai, mai ciwo da mabiyi su tabbata yare ɗaya wayoyinsu ke yi. Wanda ya saba da 120 idan ya ga 6.7 zai iya ɗora hannu a ka, alhali lafiya lau ce.

Kibiya tana da muhimmanci kamar lambar. Idan ta kwanta miƙe, sukari yana zaune. Idan ta kalli sama yana hawa, idan ta kalli ƙasa yana sauka da gudu. Mai 90 da kibiya ƙasa ya fi mai 80 da kibiya a kwance buƙatar a kula da shi.

Idan ƙararrawa ta buga

Idan sukari ya faɗi kuma mutum yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya, a ba shi abin da ya kai giram 15 na sukari. Ƙwayar sukari uku zuwa huɗu, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake dubawa. In har yanzu bai kai 70 ba, a maimaita. Da ya haura, a ba shi abinci mai riƙe ciki. Nama ko gyaɗa ba sa tayar da sukari da sauri, kada a fara da su.

Idan ya suma ko yana fizge-fizge, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a nufi asibiti mafi kusa, a gaya musu mai ciwon sukari ne kuma yana shan magani kaza ko yana allura. Nan ba wurin jiran gari ya waye ba ne.

Idan kuma sama ya yi, ya ƙi sauka, ga amai, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari ko numfashi sama-sama, shi ma asibiti ne. Mabiyi kada ya ce daga nesa, "Ƙara allura." Wannan maganar likita ce.

Duk wannan sai an tsara shi tun ana zaune lafiya. A zauna a yanke: wa za a fara kira, wa ke da makullin ɗaki, ina sukari yake ajiye, mashin ko motar wa za a ɗauka cikin dare. A rubuta lambobin waya a takarda a manna a bango. A ganina mabiyi biyu ko uku sun isa, ɗaya daga ciki kuma lallai ya zama mai kwana a gidan ko maƙwabci. Idan aka tara mutum goma, kowa sai ya ɗauka wani ya riga ya kira.

Shirun waya

Wannan ne wurin da aka fi yin sakaci, don haka mu tsaya a kansa. Zango uku muka ce. Ko ɗaya ya yanke, labari ya tsaya. An ɗauke wuta kwana biyu, cajin wayar Inna ya ƙare. Data ta ƙare ba wanda ya lura. Jika ya ɗauki wayar ya tafi ƙofar gida yana kallo. Sabis ya ɗauke a unguwar. A duk waɗannan wayar mabiyi shiru za ta yi, shi kuma ya yi barcinsa da zaton komai daidai ne.

Saboda haka duk lokacin da ka duba lamba, duba lokacin da ke jikinta. Lambar da ta shigo awa uku da suka wuce tsohon labari ce. A cikin manhajar akwai ƙararrawar da ke bugawa idan labari ya daina zuwa, a kunna ta. A cire wayar daga yanayin shiru da dare. Wayar mai ciwo ta kwana da caji kusa da shimfiɗarsa, kuma a hana yara wasa da ita.

Na'urar ma takan yi kuskure. Ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, shi kuma yana bin bayan jini da minti 5 zuwa 15, musamman bayan cin abinci ko bayan an sha sukari. Idan mutum ya danne ta cikin barci takan nuna sukari ya faɗi alhali bai faɗi ba. Yawan shan ƙwayar bitamin C yana iya sa Libre ta nuna lamba sama da gaskiya. Masu sikila da ke shan hydroxyurea su gaya wa likita tun farko, domin maganin yana sa Dexcom ta nuna lamba sama da yadda take, kuma masu sikila ba kaɗan ba ne a cikinmu. Idan jiki ya ce abu kaza, waya ta ce daban, a tsira yatsa a gwada da ƙaramar na'urar gwaji. Kada a yar da ita don an sami sabuwa.

Kuɗi da zafi

Abin yana da tsada, ba a ɓoye wannan. Wanda ba zai iya saye kullum ba ya tambayi likita ko zai sa guda ɗaya na sati biyu a lokacin da aka canza masa magani, ko gab da azumi. Kafin ka biya, duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, ka kuma sa mai sayarwa ya nuna maka manhajar tana aiki a irin wayarka, domin wadda aka sayo daga wata ƙasa wani lokaci ba ta karɓar manhajar wata ƙasar. Wadda ba a buɗe ba a ajiye ta wuri mai sanyi, ban da cikin mota ko ƙarƙashin kwano a watan bazara, ban da daskarar da ita. Gumi yana ɓamɓare ta, don haka a wanke wurin da sabulu, ya bushe sarai, kada a shafa mai.

Ladabin mabiyi

Na san gidan da tsoho ya ɓalle na'urarsa ya jefa a kwata. Dalili kuwa, duk ya sha fura sai waya ta buga: "Baba, me ka ci kuma?" Mutumin da ya haife ka ba zai yarda ka zame masa ɗan sanda ba. Sukari yakan hau bayan abinci, ba kowane hawa ne abin kira ba. Ku yi yarjejeniya a kan lambar da za a kira, sauran a bar wa ranar ganin likita. Lafiyar mutum sirrinsa ce, kada a ɗauki hoton lambarsa a watsa a zauren dangi na WhatsApp. Matar aure ma sai da yardarta mijinta ko danginsa za su bi ta.

Da azumi, likitoci sun ce mai ciwon sukari ya karya idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300. A tattauna wannan da shi tun cikin Sha'aban, don kada ya zama gardama ana saura awa ɗaya a sha ruwa.

Likita ma yana iya ganin sakamakon daga ofishinsa ta LibreView ko Dexcom Clarity, wato shafukan intanet na kamfanonin biyu, idan an ba shi izini. Shi hoton sati biyu yake dubawa, ya ga awa nawa sukari ya zauna tsakanin 70 da 180. Ana so ya kai kashi 70 cikin 100, wato kusan awa 17 a cikin 24. Amma ba ya zaune yana gadin wayarka da tsakar dare.

Lissafi da aiki

Na'ura ɗaya tana yin kwana 14. Guda nawa ake buƙata a kwana 28? Guda nawa a kwana 364?

Raba 126 da 18. Raba 324 da 18. Wace ce a cikin biyun za ta sa mai azumi ya karya?

Waya ta nuna 110 da ƙarfe biyu na dare, amma lokacin da ke jikin lambar ƙarfe goma sha ɗaya ne. Me za ka yi?

Mutum uku su fito gaban aji. Ɗaya ya zama Inna, ɗaya ɗanta na Legas, ɗaya amarya. A sake wasan, amma wannan karon amarya ta tafi biki Ƙauran Namoda, wayar maƙwabci kuma a kashe take.