Yadda za ka rage tarkacen saƙonni a sabar imel

In kana riƙe da sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonni, mai manhaja irin Postfix, ka san dai yadda 'yan damfara ke cika akwati da tarkace, wai ka ci kyauta, wai banki na neman lambarka. To fara da ɗora SpamAssassin, manhajar tace tarkace, shi maki yake ba kowane saƙo gwargwadon kamarsa da tarkace, in makin ya kai 5 sai ya buga mai tambarin tarkace. Wannan 5 ɗin a fayil ɗin saitinsa mai suna local.cf yake, layin required_score, kuma don Allah kar zumuɗi ya sa ka maida shi 2, wallahi har saƙon kwastoma zai faɗa cikin tarkacen kana nan kana jira shiru.

Sai ka koya mai bambance saƙonni da umarnin sa-learn, ka nuna mai tarkacen da --spam, na kirkin da --ham, amma fa sai kowanne ya kai 200 kafin ya fara aiki da abin da ya koya, a nan mutane ke gajiya su ce ai bai aiki.

Ka haɗa da jerin Spamhaus, wato jerin adireshin masu aiko tarkace, amma kar ka tambaye su ta 8.8.8.8, sabar neman adireshi (DNS) ta Google, ba sa amsa tambaya daga can. Kuma kar ka sa sabar ta riƙa goge tarkacen kai tsaye, tura su foldar Junk, duk sati ka ɗan leƙa.