Jego a lokacin Kirsimeti: kurakuran da muke yi a gida da yadda za a gyara

Matar ƙanena ta haihu saura kwana tara Kirsimeti, haihuwar fari, a gidanmu na Zuru. Ranar jajibere na fito da asuba na tarar da ita tsugune gaban murhu tana suyar cincin, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, jaririn kuma yana ɗaki shi kaɗai. Na ce, "Amarya, wa ya sa ki?" Ta ce, "Yaya, ba wanda ya sa ni. Kunya nake ji a ce kowa na aiki ni ina kwance."

Laifinmu ne mu manyan gida. Mun shagala da lissafin shinkafa da akuya da ɗinkin anko, ba wanda ya buɗe baki ya ce mata bana ba ta cikin masu girki. Mai ɗanyen jego, balle sabuwar zuwa gidan miji, ba za ta nemi hutu da bakinta ba. Uwar miji ko babbar yaya ita ce za ta faɗa a gaban kowa, tun kafin a ɗora tukunya: wance aikinta bana shayarwa da barci. A raba mata aikinta, har da rabon abinci ga maƙwabta Musulmi da muka saba kai wa, yara su kai. Maigida ya ɗauki jan ruwa da faskare. In gidan ba hannu, a gaya wa Zumuntar Mata ta coci, ban taɓa ganin sun ƙi ba. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, to yaushe uwarsa za ta tsaya kan tukunyar mutum talatin?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gawayi. Disamba tsakiyar hunturu ne, sanyin asuba na ratsa ƙashi, kuma kowa ya san jariri ba ya jure sanyi. Sai a hura gawayi a kasko, a shigar ɗakin mai jego, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa, a kwanta. Gawayin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri da kasala, in kuma barci ya riga ya ɗauke shi, yana iya zarcewa. Haka hayaƙin janareta, wanda a daren biki ake jawowa bakin taga ko cikin zaure saboda tsoron ɓarayi. Kada garwashi ya kwana a ɗaki, janareta kuma ya tsaya can waje nesa da taga. Ɗumin da jariri ke buƙata yana jikin uwarsa: a kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula da safa, a lulluɓe su tare ba tare da an rufe masa fuska ba. Wankansa kuma a bari sai hantsi ya dubi ludayi, a yi shi da sauri a ɗaki, a tsane shi, a shafa masa man kaɗanya. Man zafi ba na hancin jariri ba ne.

Sai wankan jego da kunun kanwa. Na san wannan magana ba ta yi wa iyayenmu daɗi, kuma ni ma da ganyen dogon yaro aka yi mini nawa. Ruwa mai ɗumi yana warware gajiya, ban ce a daina ba. Amma a lokacin sanyi ake wuce gona da iri, a ce ai sai ruwa ya tafasa sosai kada sanyi ya shige ta, a ƙara kanwa a kunu don nono ya kawo. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kanwa da tsananin gasa jiki, kuma ya fi kama masu hawan jini. A surka ruwa yadda za ki iya sa gwiwar hannu a ciki ki bar ta. A yi kunun gyaɗa ko na tsamiya, a rage gishiri da dunƙule a miyarta. Wadda aka yi wa ɗinki ko tiyata ta bi abin da aka gaya mata a asibiti, ko da kaka ta yi fushi. Akwai kuma masu miƙo ƙoƙon burkutu wai yana kawo nono. Giya tana bi ta nono ta kai ga jariri. Abin da ke kawo nono shi ne yawan sa yaro a mama, da cin abinci, da shan ruwa.

'Yan barka kuwa a wannan mako ninki biyu ne, domin na Kaduna da Abuja da Legas duk sun dawo gida. Kowa sai ya ce "Ina gajiya, ya ruwan zafi?" ya miƙo hannu, ga mura da tari da hunturu ya raba wa mutane. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, mai tari ya yi "Allah ya raya" daga nesa, kada a sumbaci yaro a fuska. Na ga wata baƙuwa ta tsoma yatsa a lemon kwalba za ta ɗiga masa, wai shi ma ya ci Kirsimeti. Na riƙe hannunta. Har wata 6 nono kaɗai ne abincinsa, ba ruwa, ba ɗauri, ba zuma.

Kayan jarirai da aka ciro daga akwati suna ƙamshin kafur, a wanke a shanya kafin a sa masa, kuma a fitar da kafur ɗin daga kayansa gaba ɗaya. Yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani. Sabuwar rigar biki mai ƙaiƙayi ma ta jira.

Zuwa sujada ranar 25 ko daren shiga sabuwar shekara, da jariri ɗan kwana goma cikin cunkoso da ƙura da ƙarar lasifika, bai zama dole ba. A roƙi fasto ko dattawan ikilisiya su zo gida su yi addu'a, suna zuwa da farin ciki. Haka hawa babur zuwa Dabai ko Riba don a nuna wa kakanni jika. Su kakannin a kawo su.

Kuskuren da ke cin rai shi ne "bari a gama biki". Kuɗi sun tafi a nama da ɗinki, ana ganin asibiti ba kowa saboda hutu, sai a sayo magani a kemis a ce a ga gobe. In jini ya jiƙe ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko zazzaɓi da fitar ruwa mai wari, ko numfashi ya gagara in ta kwanta, a tafi a lokacin, ko da ana tsakiyar rabon nama. Jariri kuma in ya ƙi mama, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, shi ma haka. Cibiya ba a gasa ta da tsumma, ba a sa mata toka ko man goge baki, sai maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti. Wanda aka haifa a gida a kai shi allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna ba tare da jiran Janairu ba, sannan a koma a mako na 6.

Mu a ranar, da na ga ƙafafun nan, na sa ƙanena ya bar fiɗar akuya ya nemo mota. Da aka auna ta, jininta ya hau sosai, aka riƙe ta kwana biyu. A gadon asibiti ta ci shinkafar Kirsimeti. Tun daga shekarar, kafin a sayi ko mudun shinkafa, muna ware kuɗin mota da na magani a ba uwar gida ta ɗaure a bakin zane, kuma muna karɓar lambar direban da ya yarda a tashe shi da dare.